Farin Bango da 'Yan Jere: Muhadarorin Zane Uku a Damazin

Ranar da sanarwar ta iso gidan rediyo, ni aka miƙa wa takardar in mayar da ita Hausa kafin shirin yamma. Layi huɗu ne kacal da Larabci. Za a yi muhadara uku, Asabar uku a jere, a kan zanen zamani da yadda ake shirya ma'arad, wato baje-kolin zane. Shiga kyauta ne. Kowa na iya zuwa. A layi na huɗu na cije. An ce mai muhadarar zai koyar da aikin "ƙayyim". Ƙayyim ɗin da na sani shi ne na littattafan fiƙihu, mai kula da dukiyar maraya ko ta waƙafi, ban taɓa gamuwa da shi a ɗakin zane ba. Lokaci ya ƙure, injiniya yana ɗaga mini hannu ta gilashi, sai na ce "mai tsara baje-koli" na wuce. Kafin in rufe shirin wani mai sauraro ya bugo waya daga Rusairis yana tambaya ko dillali ake nufi. Na ce masa a'a. Da ya ce to mene ne bambancin, sai na sa kiɗa.

Kunyar wannan tambaya ce ta kai ni zauren, kuma ban fasa ko Asabar ɗaya ba. Mai muhadarar zan kira shi Ustaz, kamar yadda kowa ya kira shi. Saurayi ne mai zane, ya yi karatunsa a Khartum, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya koro shi zuwa wurin danginsa a nan Damazin. Zanensa na shekaru ya baro su a ɗakin haya, da wayar hannu kawai ya fito, hotunan da ke cikinta su ne duk abin da ya rage masa. Ba wanda ya biya shi sisi. Shi ya nemi aron zauren wata makaranta, shi ya aro majigi, shi ya share wurin. Na faɗi wannan tun da wuri domin abin da zai biyo baya suka ce, kuma ba na son a ɗauka ban ga ƙoƙarin mutumin ba. A garin da mutane ke lissafin kuɗin dawa da na gawayi, tara mutum arba'in su zauna sa'a biyu suna kallon hoto a bango ba ƙaramin aiki ba ne.

Asabar ta farko ba zan daɗe a kanta ba, don ita ma ba ta daɗe a ran kowa ba. Turai aka tafi. Ustaz ya bi tarihin kamar mai karanta jerin sarakuna: wannan ya zo, wannan ya tayar masa, wani ya tayar wa wancan. Sau biyu wuta ta ɗauke, alhali madatsar Rusairis tana nan kusa da mu tun 1966, muka zauna muna fifita da takardu. An farka ne kawai da ya nuna mazubin fitsarin nan da Marcel Duchamp ya sa wa hannu ya aika wurin baje-koli a 1917. Dariya ta ɓarke, wani dattijo ya ce in haka ne shi ma butarsa ta isa Landan. Abu ɗaya na riƙe daga ranar. Da Ustaz ya ce Picasso ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka a gidan tarihin Trocadéro na birnin Faris a 1907, kuma sun canja masa yadda yake zana fuska, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: su wa suka sassaƙa su? Ustaz ya ce ba a rubuta ba, Turawan da suka kwaso su sunan ƙabila kawai suka sa. Ya faɗi haka da takaici, ya girgiza kai. Mai karatu ya ajiye mini wannan girgiza kai a gefe, za mu dawo mata.

Asabar ta biyu ita ce ta biya kuɗin raksha. Ranar Ustaz ya dawo gida, ya yi maganar Makarantar Khartum, wato ayarin masu zanen da suka tashi a shekarun 1960, irin su Ibrahim El-Salahi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishag. Muryarsa ma ta canja. Ya ba da labarin Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malamin addini, ya tafi makarantar zane ta Slade a Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da hannu irin na Turawa. Ya shirya baje-koli a Grand Hotel na Khartum. Kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari, mutane sun zo ranar buɗewa sun sha lemo sun tafi, daga nan ba wanda ya sake leƙowa. Abin ya tsaya masa a rai har ya kasa aiki na tsawon lokaci. Daga baya ya fara sa ƙananan rubutun Larabci a kusurwar zanensa, sai ya ga mutane suna matsowa. Daga nan ya shiga fasa haruffan, yana buɗe cikinsu, har fuskoki da dabbobi da wasu halittu suka riƙa fitowa daga cikin alif da nun.

A nan ne zauren ya yi tsit. Ustaz ya haska hoton allo mai ado, irin wanda ake yi wa yaro a halwa idan ya kai wani mataki na karatu, ya ce Sudanawa suna kiran wannan ado sharafa, kuma yana cikin abubuwan da Salahi da abokansa suka koma suka duba. Wani gardi da ke bayana ya ce a hankali, "Ai zayyana ce." Haka ne, zayyana ce, wadda kowannenmu ya gani ranar saukar wansa ko ƙanensa: murabba'i cikin murabba'i, ja da rawaya da baƙi, layukan da suka sarƙe da juna suka kewaye ayoyin. Mutumin da a 2013 ya zama ɗan Afirka na farko da gidan Tate Modern na Landan ya tara aikin rayuwarsa a baje-koli guda, ashe daga allon da ke jingine a zauren kakanninmu ya samo hanya. Ban taɓa ganin an karya wa mutane tsoron kalmar "zamani" cikin minti biyar ba sai ranar.

Ya kuma ba da labarin kurkukun Kobar, inda aka tsare Salahi wata shida a 1975 ba tare da shari'a ba, zamanin Numeri, yana zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti, yana binne su a ƙasa idan ya ji tafiyar gandiroba. Sai Kamala, wadda ta zauna da matan zar ta zana su, kuma a 1976 ita da ɗalibanta suka fitar da sanarwar da ta juya wa dogaro da kayan gado baya. Wannan ya burge ni, don ya nuna cewa ko a Khartum ba a taru a kan magana ɗaya ba. Da Ustaz ya san masu sauraronsa da kyau, da ya ƙara musu da Zariya. A 1958 ɗaliban kwalejin Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya a kan irin wannan tambayar: yaya za ka koyi dabarar Bature ba tare da ka zama inuwarsa ba? Salahi kansa ya nuna aikinsa a kulob ɗin Mbari na Ibadan a farkon shekarun 1960. Hanyar da ta haɗa Nilu da ƙasar Hausa ba alhazai kaɗai suka bi ta ba.

Wuri ɗaya ya yi tuntuɓe ranar. Wani malami ya tashi cikin ladabi ya tambayi hukuncin zana abu mai rai. Ustaz ya ce shi ba mufti ba ne, ya wuce hoto na gaba. Gaskiya ne ba mufti ba ne, amma tambayar ba fatawa kaɗai take nema ba. Rabin zauren da ita suka shigo a ransu. Amsar tana cikin majiginsa: yawancin aikin Shibrain haruffa ne da siffofi, babu fuska babu ido, kuma wannan ma zanen zamani ne cikakke. Da ya nuna wannan, ya ce ga hanyar da wasu suka bi, ga wadda wasu suka bi, da malamin ya koma gida da abin tunani. Bai dawo Asabar ta uku ba.

To, ta ukun. A nan ne aka zo kan ƙayyim. Ustaz ya yi bayani mai kyau, kuma a nan na samu amsar mutumin Rusairis. Dillali yana neman mai saye. Ƙayyim yana neman ma'ana. Shi ke zaɓen abin da zai hau bango da wanda zai zauna a sito, shi ke cewa wannan ya tsaya kusa da wancan, shi ke rubuta ɗan katin da ke gefe. Ya ba da misalin Salah Hassan, ɗan Sudan mai koyarwa a Amurka, wanda ya shirya baje-kolin Salahi na Landan, sannan shi da Hoor Al Qasimi suka shirya babban baje-kolin Makarantar Khartum a Sharjah a ƙarshen 2016. Ya ce da babu irin waɗannan mutane, da yawancin zanen suna nan a ƙarƙashin gado. Na fahimci abin da sauri, domin aikina ne da wani suna. Wasiƙa talatin ke zuwa, biyar nake karantawa, kuma wadda na sa a farko da wadda na sa a ƙarshe ba ɗaya suke ba a kunnen mai sauraro.

Daga nan ya shiga ƙa'idoji. Bango ya zama fari. Tsakiyar zane ya yi daidai da ido, wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa. A bar fili tsakanin zane da zane domin kowanne ya numfasa. Kada rana ta bugi takarda. Sannan kati, wanda ya nanata har sau uku: sunan mai aikin, shekarar da aka yi shi, sunan aikin, da abin da aka yi shi da shi. Ya ce aikin da ba shi da kati maraya ne. Ya tuna mana abin da ya sami Gidan Tarihi na Ƙasa a Khartum, wanda aka buɗe a 1971 aka kuma wawashe a wannan yaƙi. Ya ce abin da aka rubuta aka ɗauki hotonsa ana iya bin sawunsa ko a wace kasuwar duniya ya ɓulla, wanda ba a rubuta ba kuwa ya tafi ke nan. Duk wannan daidai ne, na rubuta shi a littafina.

Bayan mako biyu aka buɗe ɗan baje-kolin da mahalarta suka shirya a ƙarƙashin jagorancinsa, a zauren nan dai, an shafe bango ɗaya da farar ƙasa. Zane goma sha huɗu ne, na matasan garin nan. Wasu na koyo ne ƙarara, amma biyu sun tsayar da ni. Ɗaya kwale-kwalen masunta ne a tafkin madatsa, an zana shi daga sama kamar tsuntsu ke kallo, babu mutum ko ɗaya a ciki, sai taru a naɗe. Ɗayan kuwa wata yarinya ce ta yi shi da gawayi da ruwan shayi: layin mata a bakin famfo, ba a ga fuskarsu ba sai jarkoki. Kowane zane da katinsa, suna da shekara da komai, an rubuta da hannu mai kyau.

A ɗaya gefen zauren akwai dogon tebur an shimfiɗa masa zani. A kansa an jera fayafai masu rini, huluna biyu na ɗinkin hannu, ƙwarya mai zane, ƙahonin waza guda uku da Bartawa ke busawa, da wani allo mai zayyana wanda ban taɓa ganin mai kyansa ba. Katunan teburin guda uku ne. Ɗaya ya ce gadon Hausa, ɗaya gadon Barta, ɗaya gadon Ingassana. Shi ke nan.

Na tsaya a gaban allon ina tuna girgiza kan Ustaz ta Asabar ta farko. Abin da ya yi takaicin Turawan Trocadéro sun yi wa masassaƙan Afirka, shi aka yi a zauren makaranta a Damazin, da hannunmu, ga mutanen da gidajensu ba su fi tafiyar raksha ba. Yaron da ya fara riƙe burushi wata uku da suka wuce ya sami suna da bango da haske. Malamin da ya shekara arba'in yana zayyana ya sami tebur da sunan ƙabila. Kuma wannan ya faru ne mako uku bayan an gaya mana cewa daga irin wannan allo zanen zamani na Sudan ya sha nono.

Wani zai ce ai ƙaramin abu ne, kati ne kawai. A wani gari wataƙila. A nan kuwa ba mu manta da Yulin 2022 ba, lokacin da rikici ya ɓarke a Rusairis da Ganis da kewaye, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, aka kashe ɗaruruwan mutane, dubbai suka bar gidajensu. Ba zan shiga wa ya fara ba, kowane gida a jihar nan yana da nasa makokin. Amma duk wanda ya zauna a nan ya san tambayar da ke kwance a ƙarƙashin tokar: wane ne ɗan gari, wane ne baƙo. Mutanenmu suna bakin kogin nan tun kafin a haifi kakannin yawancin masu tambayar. Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, garin da ke ɗauke da sunansa yana nan kusa da Sinnar. Alhazai masu tafiyar ƙasa sun riga shi. Hannun mutanenmu yana cikin audugar Jazira tun da aka buɗe aikin a 1925. Duk da haka har gobe ana tambaya.

Katin da ya ce "gadon Hausa" bai ce yaushe ba, bai ce ina ba. Mai kallo na iya ɗauka jiya aka sauke allon daga motar Kano. Na bincika, ban sha wahala ba: an zayyana shi a 1978, a wani ƙauye na gabashin kogi, domin saukar wani yaro wanda yanzu yana da jikoki. Ƙauyen ma ruwa ya ci shi da aka ƙara wa madatsa tsawo, aikin da aka kammala a 2013, aka mayar da mutanensa ɗaya daga cikin sababbin garuruwan nan da aka sa wa lamba maimakon suna. Da an rubuta wannan a kati, layi biyu, da allon ya yi shaidar da babu mai jawabin siyasa da zai iya yi. Haka ƙahon waza: wani mutum ne ya zaɓi ƙorai da gora, ya haɗa su, ya daidaita muryarsu da ta 'yan'uwansu. Yana da suna. Tebur mai kati uku kuwa ya sake yi mana abin da muka fi iyawa, wato jera mutane ƙabila-ƙabila, kowa a kusurwarsa.

Na sami Ustaz wurin mai jabana bayan an watse, na gaya masa. Bai yi fushi ba. Ya ce abu biyu. Na farko, lokaci ya ƙure, yara ne suka tattaro kayan daga gidaje, ba wanda ya tambaya. Wannan na karɓa, ko da yake ƙayyim ɗin da bai tambaya ba ya bar rabin aikinsa. Na biyu shi ne wanda ban karɓa ba. Ya ce akwai bambanci na asali: mai zanen zamani yana ƙirƙira ne daga kansa, mai sana'ar gargajiya kuwa yana maimaita abin da ya gada, don haka aikin na al'umma ne. Na ce masa, Ustaz, alif ɗin da Salahi ya fasa shi ya ƙirƙire shi? Kuma wa ya gaya maka masu zayyana ba su san hannun juna ba? Kai wa kowane alaramma alluna biyar, zai ce maka wannan hannun wane ne, wancan almajirin wane ne, wannan kuma mai gaggawa ne. Matan unguwarmu suna gane faifan mace daga ƙofar gida, daga yadda ta ja kaba da inda ta sa shuɗi.

Rashin suna ba al'adarmu ba ce, al'adar wanda ya kwasa bai tambaya ba ce. Marubutan Alƙur'ani na hannu sukan rufe aikinsu da sunansu da na malaminsu, su roƙi addu'ar mai karatu. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, har yau da sunan Babban Gwani ake ambatonsa. Falke Barmu, maginin masallacin Yama a ƙasar Nijar, da sunansa aka san aikin da ya ci lambar Aga Khan a 1986. Ladi Kwali tukwane take ginawa, irin waɗanda da a teburinmu suke da an rubuta musu "gadon Gwari", amma da yake an riƙe sunanta, ga ta a bayan takardar naira ashirin. Ko a ƙasar Yarbawa, ƙofofi da ginshiƙan da suka shekara da shekaru a gidajen tarihin Turai ba suna, da aka koma aka tambayi mutanen gari sai ga sunan Olowe na Ise, har aka yi masa baje-koli shi kaɗai a Washington a 1998. Sunan yana nan tun farko, mai tambaya ne bai zo ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ba ni haushi, don asara ce ta koyarwa. Sulusin zauren mata ne, wasunsu manya. Sa'a guda ana koya musu yadda ake jera abu domin a kalla, ba a taɓa tambayarsu ko sun taɓa yi ba. Alhali wace ce a cikinsu ba ta taɓa zuwa jere ba? 'Yan jere su ne ƙayyimai na farko da na sani. Suna shiga ɗakin amarya babu komai, su auna bango da ido, su san wace tasa za ta hau sama, wane kwano zai zauna a tsakiya inda idon mai shigowa zai fara sauka, wanne ne mai tabo da za a juya bayansa. Suna gardama a kan launi. Suna cire abu mai tsada idan ya ɓata layi. Sannan a buɗe ƙofa a zo ganin ɗaki, wato ranar buɗe ma'arad ke nan, har da masu suka a hanyar komawa gida. Abin da ya fi muhimmanci, babu kwano ɗaya a jeren da ba a san asalinsa ba: wannan gwaggo ce ta kawo, wannan na kakarta ne tun na aurenta, wancan daga Umdurman aka sayo. Katin yana nan, a baki yake.

Ban ce a watsar da farin bango ba. Yana da amfaninsa, zanen jarkokin nan ba zai yi magana a cikin cunkoso ba. Amma farin bango da filin numfashi ɗabi'a ce ta wasu gidajen kallo na Turai da Amurka a ƙarni na ashirin, ba dokar ido ba ce. Jere yana cika bango har rufi, kuma yana da nasa tsari. Bangayen da matasa suka cika da zane a zaman dirshan na Khartum a 2019, kafin a shafe su bayan 3 ga Yuni, ba mai tazarar mita a cikinsu, kuma ban san wani baje-koli a tarihin ƙasar nan da ya sami masu kallo kamarsu ba. Da Ustaz ya fara muhadara ta uku da tambayar "wa ta taɓa yin jere?", da ya sami malamai goma a zauren, kuma da darasin Grand Hotel ya shiga aikinsa, bai tsaya a majigi ba.

Sai dai ni ma an gyara mini zama, kuma adalci ne in faɗa. Ustaz ya yarda a sake katunan, ya ce tunda ni na tayar da maganar, in bi yaran mu tambayo. Malamin zayyana ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya yarda a sa sunansa, amma da sharaɗi biyu: a sa na malaminsa a gaba, kuma a ɗauke allon daga tebur inda kowa ke shafawa da alwala ko babu, a rataye shi sama da kai, nesa da zanen da ke da mutane. Ka ga ƙa'idar mita ɗaya da rabi ta faɗi ke nan, kuma mai aikin ne ya kayar da ita. Mai waza ya yi murna har ya ce zai zo ya busa, don a cewarsa ƙaho a kwance ba waza ba ne, itace ne.

Mai fayafan ce ta tsayar da ni. Dattijuwa ce, tun rikicin 2022 take zaune a gidan ɗanta a nan cikin gari. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani, na ma ɗan yi mata wa'azin da na yi wa Ustaz, har da Ladi Kwali. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ɗan nan, kai sunanka yana yawo a iska kullum, ka saba. Ni sunana a bango, maza suna karantawa? Kuma a wannan zamani da ake bin mutane gida-gida da takarda?" Na ce, "Inna, to a bar shi gadon Hausa?" Ta ce a'a, wannan ma ba ta yarda ba, don ba Hausa ce ta zauna ta tsaga kabar ba, ita ce. Ta ɗauki ɗaya daga cikin fayafan ta juya bayansa, ta nuna mini wani ɗan zare ja da take sakawa a zagaye na bakwai na duk faifan da ta yi tun tana budurwa. Ta ce duk macen da ta fito daga ƙauyensu, ta ga wannan, ta san na wace ce.

Mun daɗe muna ciniki a kan abin da za a rubuta. A ƙarshe ta yarda da sunan ƙauyen, na asali ba lambar ba, da shekarar da ta yi kowanne gwargwadon yadda ta tuna, da cewa kaba ce da rini. A wurin suna kuwa ita ta faɗa na rubuta: mai jan zare a zagaye na bakwai. Ta kuma sa aka jingine faifai ɗaya a juye, bayansa yana kallon jama'a. Ustaz ya dubi katin ya ce bai taɓa ganin irinsa a wani littafi ba, ya liƙa shi. A mako na ƙarshe na ga mata uku sun sunkuya a gaban faifan suna ƙirga zagaye da yatsa, ɗaya ta kai bakwai ta rufe baki da mayafi.